Kun Manta da Uwar Sarki

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta rubutunku a kan Sarki Luwi na Tara na Faransa, na ji daɗinsa, amma kun bar wadda ta riƙe masa gadon sarautar. Shekara talatin ina koyar da tarihi a Damagaram, don haka shiru ya gagare ni.

Da Luwi na Takwas ya rasu a watan Nuwamba 1226, ɗansa Luwi na Tara yana da shekara 12 kacal. Uwarsa, Bilanshi ta Kastila, ta gaggauta aka naɗa shi kafin watan ya ƙare, don ta san manyan masu sarauta sun fara wasa wuƙa. Piyer Moklar mai mulkin yankin Biretani a yammacin Faransa da Hugu na Luzinya suka ƙulla tawaye, daga baya baffan yaron, Filif, ɗan uban marigayin, ya bi sahu. Kukansu shi ne mace ce, kuma baƙuwa ce daga Sifaniya. Ni dai gani nake maraya suka hanga, suka ce rana ta fito.

A 1227 ta lallashe su da kuɗi da filaye da alkawarin auratayya, amma ba su haƙura ba. Suka shirya sace yaron a hanya, shi da uwarsa suka fake a ganuwar Monleri, kudu da Paris. Nan ne idanun ɗalibaina kan buɗe duk shekara: talakawan Paris suka fito, masu makami da marasa makami, suka cika hanya tun daga Monleri har birni suna roƙa masa tsawon rai, suka rako shi gida. Ba na kai wa nan ba tare da na tuna mahaifiyata ba, Allah ya ji ƙanta, yadda ta tsaya a ƙofar gidanmu bayan rasuwar babanmu, maƙwabta na bayanta.

Cikin tsananin sanyin Janairu 1229 Bilanshi ta bi runduna da kanta aka ci ganuwar Belem da ke hannun Piyer. Sarki Henri na Uku na Ingila ya ƙetaro teku a 1230 don ya taimaki Piyer, ya koma ba abin kirki. Sai a 1234 Piyer ya miƙa wuya.

Don Allah ku ba ta shafi guda a fitowa ta gaba.

Wassalam,
Tsohuwar malamar tarihi, Damagaram