A yi mana baje kolin injin 3D a Maradi, amma a zaunar da yaran kusa da maƙera

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya, ya aiki, ya iyali, ya kuma zafi. Ni mai sayar da kayan gyaran moto da na fanka ne a nan Maradi, kuma akwai abin da na gano da idona wanda nake ganin bai kamata in riƙe shi ni kaɗai ba, shi ya sa na ce bari in rubuto ko Allah zai sa ya kai kunnen malaman makarantunmu da alhazanmu ƴan kasuwa.

Tafiyar sari ce ta kai ni Lome, to ina jiran kaya su fito sai ɗan ƙanwata da ke karatu a can ya ja ni wani baje koli na masu sha'awar injin buga kaya na 3D. Ba taron manyan kamfanoni ba ne masu kwat da fasalin kuɗi, a'a, matasa ne da ƴan makaranta da masu gyaran salula da wasu dattawa biyu uku, kowa da teburinsa da injinsa yana aiki a gaban jama'a, kana iya tsayawa ka yi tambaya har ka gaji ba mai ɗaure maka fuska, wani ma injinsa ya lalace a wurin sai ga maƙwabtansa na tebur sun taru kansa da sukundireba suna kwancewa tare. Wannan halin ya fi injin ɗin kansa burge ni wallahi, don mu a kasuwa mun saba kowa ɓoye sirrin sana'arsa yake yi.

Ga wanda bai taɓa gani ba, abin ba sihiri ba ne. Akwai zaren roba mai kaurin milimita 1.75 naɗe a kwarkwaro mai nauyin kilo ɗaya, injin na jan zaren yana tura shi cikin wani ɗan baki mai zafin wajen digiri 200, robar ta narke ta fito ta ƙofa mai faɗin milimita 0.4, bakin yana yawo bisa faranti yana shimfiɗa ta layi kan layi, kowane layi kaurinsa wajen milimita 0.2, kamar dai yadda mai ginin tukunya ke ɗora laka zagaye kan zagaye har tukunya ta tashi. Kafin nan sai an zana abin a kwamfuta da awonsa daidai, sannan wata manhaja irin su Cura ko PrusaSlicer ta yanyanka zanen ta gaya ma injin inda zai bi. Ƙaramin abu rabin awa ya isa, babba kuma sai ya kwana yana aiki.

Na tambayi dalilin da ya sa abin ya zo hannun talaka yanzu alhali na ji an daɗe da ƙirƙiro shi, sai aka ba ni labari. Tun cikin shekarun 1980 ake da fasahar, wani Ba'amurke Chuck Hull ya yi rajistar tasa hanyar, wani kuma Scott Crump ya fito da wannan ta narka zare a 1989, amma haƙƙin mallaka ya ɗaure abin, manyan masana'antu kaɗai ke iya saye. A 2005 wani malamin jami'ar Bath a Ingila mai suna Adrian Bowyer ya fara aikin da ya kira RepRap, injin da zai iya buga da yawa daga cikin sassan jikinsa, ya kuma saki zanen kyauta a intanet kowa ya ɗauka. Da haƙƙin mallakar nan ya ƙare a 2009 sai ƙofa ta buɗe, Josef Prusa a birnin Prag ya gyara zanen ya kafa kamfaninsa, ƴan Sin suka shigo, a 2018 kamfanin Creality ya fito da injin Ender 3 a kan wajen dalar Amurka 200, wato bai kai kuɗin wata salular da ke aljihun samarinmu ba. Har yau masu wannan sha'awa suna taruwa duk shekara a wani ƙaramin gari Goshen a jihar Indiyana ta Amurka. Kuma kar a ce abin Turawa ne kawai, an yi baje kolin masu ƙere-ƙere na Maker Faire Africa a Akra a 2009, an yi a Legas a 2012, sannan a Lome ɗin nan ne a 2013 wani ɗan Togo Afate Gnikou ya haɗa nasa injin a cibiyar WoeLab da tarkacen tsoffin kwamfutoci da firinta da aka zubar a bola. Tarkacen nan akwai su jibge a wajen masu gyara a Maradi.

To yanzu ga abin da ya tsaya mani a rai. Mafi yawan teburan kayan ado ne, ƴan tsana, maƙalin makullin mota, gidan salula, kawunan dabbobi masu launi, yara na ta murna, ni dai ban tsaya can sosai ba. Inda na daɗe shi ne teburin wani saurayi da ya ajiye akwati cike da karyayyun kaya, maɓallin murhun gas, ɗan haƙorin roba na cikin fanka wanda ke sa ta juya kai dama da hagu, maƙalin murfin moto, abin da ke riƙe gilashin ƙofar mota. Zai ɗauki karyayyen, ya auna shi da ma'aunin ƙarfe mai baki biyu da ke nuna milimita, ya zana a kwamfuta mutane na kallo, ya tura ma injin, kafin ka zagaya ka dawo ga sabo ya fito. Malam Edita, ni na san zafin wannan matsala don da ita nake kwana da ita nake tashi. Mace za ta zo shagona da fanka lafiyayya, motar ciki na aiki, amma ɗan haƙorin nan ya cinye, in duba babu, in buga waya Kano babu, in tambayi na Kwatano su ce an daina yin irin wannan samfurin, ƙarshenta sai ta sayi sabuwar fanka ko ta haƙura cikin zafin Afrilu saboda robar da ba ta kai girman ƙwayar goro ba. Manoman rani na Jiratawa ma haka suke fama da ƙananan mahaɗan tiyo da murafan injin ban ruwa. Irin kayan da ɗan kasuwa ba zai cika kwantena da su ba don guda goma ake nema ba dubu goma ba, nan ne amfanin wannan inji yake.

Amma kar wani ya karanta wasiƙar nan ya sheƙa ya sayo inji yana tunanin ya samu rijiyar kuɗi. Na zauna da masu abin na yi masu tambayoyin ɗan Maradi kuma sun gaya mani gaskiya. Zaren da ya fi araha da sauƙin aiki, PLA, wanda ake yi daga sitacin masara ko rake, yana fara laushi ne a wajen digiri 60. Mu da zafinmu ke wuce digiri 40 a inuwa a watannin Afrilu da Mayu, ka bar abin cikin mota a rufe ko kusa da injin moto ai lanƙwashewa zai yi. Sai dai a koma ga zaren PETG da ya fi jure zafi, ko ABS wanda shi kuma yana da wari mai cutarwa in ana narka shi, sai a wuri mai iska. Ga ƙurar hunturu da ke manne ma zaren ta toshe bakin, ga laimar damina da zaren ke sha ya riƙa tsartsatsi, dole a adana shi cikin mazubi mai murfi. Ga batun wuta, in ta ɗauke ana tsakiyar aikin awa takwas sau da yawa aikin ya tashi a banza ko da injin na da dabarar ci gaba daga inda ya tsaya. Abin da ya ɗan kwantar mani da hankali shi ne wutar da yake ci ba ta kai ko kusa da ta dutsen guga ba, da yawansu da volt 24 suke aiki a ciki, don haka mai fanno na hasken rana da batir mai kyau zai iya riƙe shi. Sannan roba roba ce, ba a yin birki da ita, ba a yin abin da ran mutum ya rataya a kai, kuma abin da aka buga ya fi saurin karyewa ta tsakanin layukan nan. Kwanon cin abinci ma sun ce a guje shi don datti na maƙalewa a tsagogin.

Na kuma yi tambaya a kan ledar da ta cika mana gari, ko za a iya mai da ita zare. Suka ce ledar fiya wata ba ta yi, irin robarta na ƙanƙancewa ta ɓamɓare daga faranti, amma gorar ruwa da ta lemo tana yi, har na ga wani ɗan inji na hannu da ke yanka gora ta zama doguwar igiya siririya a ja ta ta cikin baki mai zafi ta fito zare. Ba ya kai na kamfani kyau amma yana aiki, kuma ga wanda zare sai an yi masa oda daga waje wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Yanzu in zo kan dalilin da ya sa na ce a zaunar da yaran kusa da maƙera. Muna da masu zubin alminiyom a garin nan, waɗanda ke narka tsoffin gwangwanaye da sassan mota su zuba a yashi su fitar da tukwane da ludaya da murhu. Sana'arsu gaba ɗaya ta dogara ne a kan samfurin da za su danna cikin yashi ya bar gurbi, in ba su da samfuri ba su da abin zubawa, shi ya sa shekara da shekaru kusan kaya iri ɗaya suke yi. To injin nan gwanin yin samfuri ne. Yaro ya zana sashen da ake nema, ya ɗan ƙara masa girma kaɗan don alminiyom na tsukewa in ya huce, ya buga shi da robar nan mai araha, ya miƙa ma mai zubi, shi kuma ya danna a yashi ya zuba ƙarfensa, mai walda ko mai injin sassaƙa ya gyara bakin. Kun ga matsalar zafi ta kau ke nan tunda abin da zai shiga moto alminiyom ne ba roba ba. A wurin baje kolin na ga wanda ya yi hakan da marikin birkin keke da murfin famfo, sai dai shi sai da ya sha wahalar neman mai zubi, mu kuwa ga su nan a bayan kasuwa muna gaisawa kullum. Dukawanmu masu aikin fatar jar akuyar Maradi da duniya ta sani su ma za su samu hatimin danna ado a fata da sunan mai kaya a jiki, masu ɗinki su samu maɓallai irin wanda suke so. Yaron lakwal ya iya kwamfuta amma bai san abin da ke karyewa a gari ba, maƙeri ya san abin da ke karyewa amma ba ya zane, in ba a haɗa su a rumfa ɗaya ba kowa zai ci gaba da zama da rabin sana'a.

Don haka roƙona ga jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da lise teknik Ɗan Kasawa da ƙungiyar ƴan kasuwa, su duba yiwuwar shirya ɗan ƙaramin baje koli irin wannan a Maradi. Ba sai an kashe miliyoyi ba, kuma don Allah kar ya zama taron jawabai da yanka kyalle a watse. Ɗaki mai rufi saboda ƙura, tebura, wuta tsayayya ta kwana biyu, a gayyato duk mai inji daga Yamai da Damagaram da Katsina da Kano ya zo da kayansa, shiga kyauta, a sanar a gidajen rediyo da Hausa cewa duk mai karyayyen abu na roba ya zo da shi. A ware teburi ɗaya na koyon awo da zane kawai, don shi ne ainihin sana'ar, manhajoji irin FreeCAD da Tinkercad kyauta suke, kuma wanda ya iya zane ko bai da inji zai iya tura aikinsa ta WhatsApp a buga masa. A kawo ƴan mata su ma, a Lome na ga yarinya da ta buga samfurin zuciyar mutum da ke buɗewa gida biyu don koyar da ƴan aji, da taswira mai tudu da kwari wadda makaho zai shafa ya gane, kuma ta fi da yawa daga cikin samarin iya bayani.

Alhazanmu kuma da ke zuwa Dubai da Sin, in kun tashi loda kwantena ku saka inji ko biyu da katan na zaren PETG da bakunan canji, ku ba makarantar unguwarku ko wani yaro mai hankali da kuka yarda da shi, da sharaɗin zai koya ma wasu. Ni a nawa ɓangaren na fara tara karyayyun sassan da ake zuwa nema a shagona ba a samu, ina rubuta sunan kowane da irin na'urar da ya fito, duk ranar da aka sa za a yi zan kawo su da teburina, kuma na yi magana da masu zubi biyu a unguwarmu sun ce za su zo da yashinsu da murhunsu in an ba su fili a waje.

Na gode Malam Edita da ba ni wuri, Allah ya ƙara ma jaridarku albarka, a gaida ma'aikata.

Naku,
Mai sayar da kayan gyaran moto da fanka,
Maradi, Jamhuriyar Nijar