Rahoton Ayyukan Shekara ga Membobin Ƙungiyarmu ta Masu Nazarin Tarihin Lissafi

'Yan uwa membobi, assalamu alaikum.

A taronmu na ƙarshen bara kun ɗora wa kwamitin gudanarwa nauyin tattara ma'adanan ilimi na intanet waɗanda mai son tarihin lissafi zai iya dogaro da su kyauta, tare da shirya zaman karatu na wata-wata. Ga abin da ya samu.

Ma'adanar da muka fi komawa gare ta ita ce MacTutor ta Jami'ar St Andrews da ke Sukotilan, wadda John O'Connor da Edmund Robertson suka kafa, domin tana ɗauke da tarihin rayuwar dubban masana. Mun kuma shigar da Euler Archive, mai bin jerin ayyuka 866 na Leonhard Euler, da rubuce-rubucen hannun Isaac Newton da ɗakin karatu na Jami'ar Kambirij ya ɗora. Sai dai abin da shekarar ta koya mana shi ne, taƙaitaccen bayani, komai kyansa, ba ya maye gurbin ganin asalin rubutu da ido, saboda haka muka karkata akalar zamanmu zuwa ga tushe.

Zama biyu sun cancanci a tsaya a kansu. A na farko mun haska hoton wani ɗan allon yumɓu na mutanen Babila da ke ajiye a Jami'ar Yale mai lamba YBC 7289, wanda shekarunsa sun haura 3,500. An zana murabba'i a kansa, an ja layi daga kusurwa zuwa kusurwa, an rubuta 1, 24, 51, 10 bisa ƙidayarsu ta sittin-sittin. Kowa ya ɗauki biro ya raba 24 da 60, ya raba 51 da 3,600, ya raba 10 da 216,000, da aka haɗa da ɗayan sai ga 1.41421, wato tushen biyu (lambar da in aka ninka ta da kanta za a sami 2) daidai har gurbi na biyar bayan ɗigo. Ɗakin ya yi tsit na ɗan lokaci kafin tambayoyi su ɓarke.

A zama na biyu mun karanta littafin aljabara na Muhammad ibn Musa al-Khawarizmi, wanda ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820, daga bugun Frederic Rosen na 1831 da ke Internet Archive. Babu alamar lissafi ko ɗaya a ciki, komai da kalmomi aka faɗa: murabba'i (wato lambar da ake nema in an ninka ta da kanta) da tushensa goma (wato ita lambar sau goma) sun yi dirhami talatin da tara. Ka raba goma gida biyu ka sami biyar, ka ninka biyar da kanta, ka ƙara a kan 39 ka sami 64, ka ɗauki tushensa 8, ka cire biyar, saura 3. Malaman makaranta da ke cikinmu sun ce ɗalibansu sun fi saurin gane dabarar ta wannan hanya, kuma a ganina wannan ce ribar shekara mafi girma.

Wajibi ne mu amsa laifi guda. A sanarwar wannan zama mun sa hoton da ake yawo da shi a matsayin fuskar al-Khawarizmi, alhali zanen kan sarki ne da Tarayyar Sobiyet ta fitar a 1983, babu wanda ya san kamanninsa. Wata 'yar uwa ce ta ankarar da mu, Allah Ya saka mata da alheri. Tun daga nan muka kafa ƙa'idar cewa ba a shigar da komai cikin jerinmu sai mutum biyu sun bi diddigin asalinsa. Har ila yau, wasu adireshin da muka raba a farkon shekara sun daina buɗewa, an kuma sabunta su.

Aikin da bai kammala ba shi ne fassarar gajerun bayanai zuwa Hausa, domin yawancin ma'adanan nan da Turanci suke, masu fassararmu kuwa ba su da yawa. A shekara mai zuwa, in Allah Ya yarda, za mu fara da takardar lissafi ta Rhind ta tsohuwar Masar, sannan rubutun Muhammad al-Fulani al-Kashinawi na 1732 kan hatimin lambobi. Duk mai Larabci ko Turancin da zai iya taimakawa ya ba sakatare sunansa kafin zaman farko.

Shugaban kwamitin gudanarwa