Ƙasar dajin Saiberiya ba ta barci lokacin sanyi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in yi tsokaci kan yawan faɗin da ake yi cewa dazuzzukan Kanada, Alaska da Saiberiya suna shanye iskar da ke ɗumama duniya. Gaskiya ne, amma da bazara. Idan sanyi ya kankama itatuwa kan daina zuƙar kabon dayoksaid, ƙasa kuwa ba ta fasa fitar da shi.

Dusar ƙanƙara bargo ce. In kaurinta ya kai santimita 30 zuwa 40, sanyin sama zai iya kaiwa digiri 30 ƙasa da sifili, amma ƙasar da ta lulluɓe tana nan dab da sifili. Ko ta daskare ma, akwai ɗan siririn ruwa manne da ƙwayoyin ƙasa wanda ba ya zama ƙanƙara. Cikinsa ƙananan halittun da ido ba ya gani ke ta cin ruɓaɓɓen ganye da saiwoyi suna amayar da kabon, a fadamu kuma har da iskar metan. Kaɗan-kaɗan ne, amma wata bakwai ake yi ana haka.

A 2019 masaniyar kimiyya Susan Natali da abokan aikinta suka tattara awo daga wurare sama da 100 na yankin arewa mai daskararriyar ƙasa, daji da fili duka. Suka kiyasta tan biliyan 1.7 na kabon ke fita daga Oktoba zuwa Afrilu, alhali abin da tsirrai ke shanyewa da bazara, bisa kiyasin kwamfuta, bai wuce tan biliyan ɗaya da ɗan ɗoriya ba.

Awon ne aiki ja. Dole a kafa zoben da za a kifa akwatin awo a kai tun kafin ƙasa ta daskare, domin wanda ya tone dusar daga baya zai saki iskar da ta taru, lissafi ya kumbura. Guguwa kan tsotse iskar daga cikin dusar, batir ya mutu, ƙanƙara ta toshe bututu. Naitros oksaid kuma, wani nau'in iska da ƙasa ke fitarwa, da ya ninka kabon dayoksaid kusan sau 273 wajen riƙe zafi, kan ɓalle ne cikin 'yan kwanakin narkewar ƙanƙara. Wanda ya makara da mako guda ya yi asararsa.

Don haka in an kawo muku alƙaluman abin da wani daji ya shanye, a tambaya: awon shekara guda ne, ko na bazara kaɗai?

Wassalam,
Mai karanta jaridarku