Kwalbar da ka ce babu komai a cikinta

Damagaram, daren Alhamis

Ɗana,

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Mu nan lafiya lau, sai zafi. Innarka ba ta san ina rubuta wannan ba, kada kuma ta ji daga bakinka.

Ɗan baffanka ya dawo daga Yamai ran Litinin. Ban tambaye shi ba, shi ne cikinsa ya kasa riƙewa. Ya ce ya gan ka da dare a wata mashaya, ku huɗu, koriyar kwalba a gabanka tana naso. Da ya yi maka magana sai ka yi dariya, ka juya masa ita ka nuna 0,0 da aka rubuta. Wai babu barasa, wai da ita da Maltina duk ɗaya.

Ba ɗaya ba ne, kai ma ka sani. Maltina ba a barin ta ta zama giya tun farko. Wannan kuwa yawancinta giya ce sosai aka haɗa, daga baya aka janye barasar, aka bar ƙanshin da ɗacin da kumfar. Wasu ma da ake ce wa marasa barasa, a ƙasashe da dama an yarda su ɗauki har kashi 0,5 cikin 100. Na yarda wannan ba ya bugarwa. Batun halal da haram kuma na bar wa malamai, sun fi ni sani. Abin da ya hana ni barci daban ne.

Shekarata 26 rabona da giya, tun ina jan babbar mota a hanyar Agadas. Amma har gobe, in ina zaune a rumfa a kasuwar Dole mai shago ya fasa marfin kwalba, ko da ta lemo ce, wannan 'yar ƙarar sai ta tsinka mini yawu. Ƙara kawai fa! To ina ga kai, mai wata 14 da dainawa, da ka kai hanci bakin kwalba, sanyinta a tafin hannunka, kiɗan nan, mutanen nan, lokacin nan na bayan isha'i? Jiki ba ya karanta takardar da ke jikin kwalba. Ya ji ƙanshi, sai ya zauna jiran abin da ya saba biyo baya. In bai zo ba yau, zai tambaya gobe. Wata rana mai kawowa zai ce taka ta ƙare, sai ɗayar, abokanka kuma su ce guda ɗaya ba ta kisa.

Na san akwai waɗanda suke shan ta su zauna lafiya. Waɗannan ba su kwana uku a likita hannu na rawa ba, har kofin koko ya gagare su ɗauka. Kai ka yi. Ni na riƙe maka kofin. Innarka ta sayar da awakinta biyu, ba ta taɓa yi maka gori ba, ni ne yau nake yi, don na ga kamar ka manta. An ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Kai ka ɗauki tsumman ka rataya a wuya kana nuna wa mutane. Wayo ke nan?

Na san har yanzu kana riƙe da ni saboda daren da na rufe maka ƙofa. Ƙannenka na kallo, me kake so in yi? Ni ba wanda ya rufe mini, shi ya sa na daɗe a ciki.

Ban ce ka koma ba, Allah ya kiyaye. Wata 14 ba wasa ba ne, kuma na faɗa wa baffanka haka a gaban mutane. Amma ka je wurin likitan da ke duba ka, ka gaya masa zancen kwalbar nan yadda yake, kada ka rage. In zaman dare kake so, fadar masu hira ba ta ƙare ba a Yamai, a dafa shayi har ruwa na uku. In sanyi kake nema, ga zoɓo, ga ruwan tsamiya.

Innarka za ta aiko maka da alkaki a motar Asabar. In ya iso ka kira ta, sannan ka ce ta ba ni wayar.

Mahaifinka