Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Jigawa Kan Dausayin Baturiya

Mai Girma Gwamna, Malam Umar Namadi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na ɗauki alƙalami ne a kan dausayin Baturiya da ke ƙaramar hukumar Kiri Kasamma, inda Kogin Haɗeja ke bazuwa cikin fadama kafin ya nufi Yobe.

Ranka ya daɗe, duk wanda ya shiga kwalekwale a can da sassafe, lokacin hunturu, ya san abin da Allah Ya ba mu. Hazo kwance a kan ruwa, kirinjijiya na tashi garke-garke da fito, ɗinya na kiwo a gefen ciyawa, zalɓe tsaye shiru kamar mai jiran bashi. Cikinsu har da baƙin tsuntsaye da suka keto Sahara daga Turai don gudun sanyi. Shi ya sa aka sa wurin cikin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayoyi a 2008, kuma a 2020 gwamnatin tarayya ta amince ya zama gandun daji na ƙasa. Maƙwabtanmu na Dagona, a ƙasar Bade, har Yarima Philip na Ingila ya taɓa zuwa ganin nasu tsuntsayen a 1989.

To amma tsuntsu ruwa yake bi, ba takarda ba.

Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, duk a kan rafukan da ke ciyar da Kogin Haɗeja, tafiyar ruwan ta sauya. Da, ambaliya kan zo da damina ta janye da rani, manomi ya bi sawunta da shuka. Yanzu ruwa na kwana a wasu hanyoyin shekara cur, shi ne ciyawar kachalla ta samu gindin zama. Ta toshe magudanai, ta hana masunta jefa koma, ta zama gidan tsuntsun jan-baki mai cinye shinkafa da gero. Na ga masunci ya sauka daga jirginsa yana sare ta da adda, ruwa har ƙirji, don kawai ya samu hanyar wucewa. Baƙon da ya zo yawon buɗe ido ta ina zai bi?

Roƙona, kafin a yi maganar babbar ƙofa da masaukin baƙi, a fara da ruwan. A zauna da hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are a kan lokacin sakin ruwa, a kuma mayar da yashe kachalla aikin kowace shekara, ba sai ambaliya irin ta 2022 ta ci gari ba. Hanyar shiga ma tana son gyara.

Sannan in za a ɗauki 'yan rakiya, a ɗauki 'ya'yan masuntan wurin. Su suka san kowane lungu na ruwan, suka san inda gauraka ke sauka. Yaran makarantun Dutse da Gumel kuwa, a fara kai su cikin watan Janairu, su ga tsuntsayen da idonsu.

Allah Ya yi maka jagora.

Naka,
Wani ɗan ƙasar Haɗeja