Rahoton Ayyukan Ƙungiya na Shekarar 2025: Kai Intanet Makarantun Gwamnati

Assalamu alaikum, iyayenmu dattawan ƙungiya da sauran 'yan uwa membobi.

Kamar yadda babban taro ya ɗora mana, bana mun karkata ne ga sakandaren gwamnati da ke karkara. Tun 2015 JAMB ta koma jarrabawa da kwamfuta kacokan, amma har gobe akwai yaron da sai a zauren jarrabawa hannunsa ke fara taɓa linzamin kwamfuta.

Inda sabis ɗin 4G ke da ƙarfi aikin bai ba mu wuya ba: eriya a kan rufi, na'urar rarraba intanet a ɗakin kwamfuta, shi ke nan. Inda kuwa sai an hau tudu ake samun sabis, mun gwada Starlink, kamfanin intanet ta tauraron ɗan'adam, wanda ya shigo Najeriya a Janairun 2023. Sauri kam ba a magana, sai dai kuɗinsa na wata-wata ya fi ƙarfin makarantar da alli ma ke gagararta.

Wuta ce ta fi cinye mana kuɗi. A wata makaranta mun iske kwamfutoci jibge a kwalayensu, ƙura ta yi musu lulluɓi, makullin ɗakin kuma na aljihun shugaban makaranta, wai kada su lalace a tuhume shi. Ba mu ga laifinsa ba. Sai da muka kafa sola da batura aka fara kunna su. Ana cikin haka Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, lissafinmu ya rushe, dole muka jingine wasu makarantun.

Mun koya wa malamai amfani da Nigeria Learning Passport, dandalin darussa na kyauta da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022. Malamai mata ne suka fi nacin zuwa, Allah Ya saka musu.

Takardar neman tallafi zuwa asusun USPF da ke ƙarƙashin NCC, mai tallafa wa kai sadarwa yankunan da ba ta isa ba, ta kammala, sa hannun shugaba take jira. Shawararmu ita ce baɗi kada a ƙara makaranta sai ƙungiyar iyaye da malamanta ta amince a rubuce za ta riƙa biyan kuɗin intanet na wata-wata. Ma'aji zai karanto bayanin shige da ficen kuɗi a taro, masu bashin kuɗin ƙungiya kuma a daure a biya kafin ranar.

Wassalam.
Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa