Rumbun zumar itace a Kebek da albasarmu ta Galmi

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili a jaridarka saboda manoman albasa na jihar Tawa, sai dai maganar tawa za ta biyo ta Kanada. A watan Maris na je Kebek wurin ɗiyata da ke karatu a jami'ar Laval. Ta zagaya da ni tsohon gari, wanda Samuel de Champlain ya kafa a 1608 a bakin kogin San Loran. Ganuwarsa na nan tsaye da ƙofofinta, fiye da kilomita 4, kuma UNESCO ta sa garin cikin kayan tarihin duniya tun 1985, namu Agadas sai 2013. Na ga otal ɗin Château Frontenac na 1893, da filin da Ingila ta ci Faransa da yaƙi a 1759. Gari ne mai kyau, amma hawa da gangara sun yi wa gwiwar tsoho yawa, ga sanyi.

Abin da ya tsaya mini a rai gona ce a tsibirin Orleyan, inda ake tatsar itacen nan da ganyensa ke kan tutar Kanada, erabul. Ana huda gindinsa a sa ɗan bututu. Da dare ruwan jikinsa ya daskare, da rana ya narke ya ɗiɗɗigo, shi ya sa aikin bai wuce ƴan makonni tsakanin Maris da Afrilu. Na ɗanɗana ruwan, da ƙyar na ji zaƙi. Sai an dafa wajen lita 40 kafin a sami lita 1 ta zumar, kuma itace yakan kai shekara 40 kafin a fara huda shi. Sun zuba mana mai zafi a kan ƙanƙara, muka naɗe da tsinke muka sha. Wanda zai je ya tambaya kafin ya ci abincinsu, don waken ma da kitsen alade ake yawan dafa shi.

Na tambayi mai gonar yadda suke yi idan shekara ta yi albarka kaya suka yi yawa. Ya ce ba ya kwana da wannan damuwa. Jihar Kebek ce ke fitar da kusan kashi 70 cikin 100 na zumar duniya, manomanta kuma ƙungiya ɗaya gare su, ita ke sasanta farashi da manyan masu saye. Tun 2000 suna da rumbun ajiya: rarar bana a zuba a ganguna, shekarar da ta gaza a fito da ita. Har ɓarayi sun taɓa yi wa rumbun ɓarna tsakanin 2011 da 2012, ta miliyoyin dala. Akwai masu ƙorafin cewa ƙungiyar ta cika takura, ban ɓoye wannan ba.

To mu fa? A watannin nan na Maris da Afrilu ne Galmi da Madawa ke cire albasa, kowa ya fito da tasa rana ɗaya saboda bashin taki da man injin ban ruwa. Ɗan kasuwa ya faɗi kuɗin da ya ga dama, ya loda zuwa Abijan ko Akara. Bayan damina buhun ya ninka, manomi kuwa ba ko ɗaya a hannunsa. Na san albasa ba zuma ba ce, tana ruɓewa a rudu, rumbun da muke ajiye ta. Amma ajiyar wata huɗu ko biyar ta isa, kuma muna da gabu, mun iya busarwa tun kakanni.

Roƙona, Malam Edita, ka tura ɗan jarida kasuwar Galmi a Afrilu, ya koma a Nuwamba, ku buga farashin buhu na lokutan biyu a shafi ɗaya. Ya kuma tambayi shugabannin ƙungiyoyin manoma buhu nawa suka iya riƙewa bara.

Naka,
Tsohon malamin lakwal, Tawa